Dakta, Ka Sauke Bidiyon Iya Hilda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Nazarin Yawon Buɗe Ido da Al'adu na kwalejinmu da ke Sri Petaling, Kuala Lumpur, wanda kuma shi ne mai duba kundin digirina na biyu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da hidimar ofis.

Ranka ya daɗe, sau biyu ina rubuta maka takarda da Turanci ta hanyar ofis, ko "na gani" ban samu ba. Sau uku ina tasowa daga Taman Melati, in bar yara wurin maƙwabciya, in zo in zauna a bencin ƙofarka, sakatariya ta ce min ka fita cin abinci. Ban san irin abincin da ake ci tun hantsi har la'asar ba. Shi ya sa yau na rubuto da Hausa, kuma a zauren 'yan Najeriya mazauna Malesiya zan saka, domin da Hausa ka yi ɓarnar, a gaban Hausawa.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba, kafin mu zo nan na yi shekara biyu a wani ɗan ƙauye da ke tsakiyar Ingila, lokacin da maigidana yake karatun kiwo a kusa da wurin. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunan ya sha yawo a hannun Dakta. Gidajensa ba su kai ashirin ba. Babu kanti, babu makaranta, sai tsohon coci, da tumaki, da katangun dutse da aka jera ba siminti sun raba gonaki har kan tudu. Maƙwabciyata tsohuwa ce da nake kira Iya Hilda. Ita ta tuƙa mota ta kai ni asibiti cikin ƙanƙara ranar da zan haifi ɗiyata ta fari, ita ta riƙe min hannu, ita ta koyi dama kunu saboda ni duk da cewa ba ta taɓa iya shansa ba.

A ƙauyen akwai rijiya. Suna cewa a wata shekarar fari can da, duk rijiyoyin yankin sun ƙafe sai ita. Tun daga nan, duk shekara idan furanni suka buɗe, sai su jiƙa manyan alluna a kududdufi na kwanaki, su kwaɓa yumɓu da ƙafa, su shafe allunan, su zana hoto, sannan su liƙa ganyen fure ɗaya bayan ɗaya, wani kan wani kamar jinka, don kada ruwan sama ya tsaya. Sai a kafa a bakin rijiya, limamin coci ya zo ya yi addu'ar godiya, a sha shayi, a watse. Bayan mako guda yumɓun ya tsage, a kankare. Iya Hilda ce ke jagorantar aikin tun tana budurwa. A kan wannan nake rubuta kundina, kuma ga abin da ka yi da shi.

Na farko. Ka nemi in ba ka ainihin hirar da na ɗauka da ita, ka ce za ka tabbatar ban ƙara gishiri a fassara ba. Na ba ka, tare da takardar da ta sa wa hannu, wadda ta ce a fili hirar ta kundi ce kawai, ba ta intanet ba. Ka karanta a gabana. Har ka yaba min da bin ƙa'ida, ka ce da ɗalibai duka haka suke da ka huta.

Na biyu. Ba a yi wata ba sai ga ƙanwata ta turo min bidiyo daga Gusau, tana tambaya ko wannan ba tsohuwar nan tawa ba ce. Ita ce. Ga ta a kujerarta, ga kai a gefe da babbar riga kana bayani, an rubuta da manyan baƙaƙe: Tsafin Turawa Ya Tonu. Hirar awa biyu ce. A ciki ta yi maganar mahaifinta da ya mutu a ramin haƙar dalma, da yadda matasa suka gudu birni, da hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonakin mutane waɗanda mai gona ba shi da ikon toshewa. Duk ka zubar. Ka tsinci wuri ɗaya inda ta ce wasu na cewa al'adar ta girmi zuwan Kiristanci, ka yanke dariyar da ta yi, ka yanke inda ta ce ita dai Allah take gode wa da Ya ba su ruwa. Ka sa kiɗa mai ban tsoro a ƙasa. Ka kira ta uwar matsafa. Dakta, wannan ba kuskure ba ne, mai kuskure ba ya zama ya zaɓi kiɗa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Kai ne a aji kake buga tebur kana ba mu labarin yadda Turawan mulkin mallaka suka ɗauki hotunan kakanninmu suka rubuta arna a ƙasa. Har idonka ja yake yi. To a garinmu ma ana yasar rijiya, a yi sadakar gumba, a kira liman ya yi addu'a. Da wani Bature ya ɗauki kakarka tana raba gumbar nan ya rubuta matsafiya, da Sri Petaling ba ta ɗauke ka ba. Ashe dai wanzami ba ya son jarfa.

Na huɗu. Ka bar allon sunan ƙauyen a bidiyon. Mutanenmu kuwa ka san su. Suka nemo shafin ƙauyen, wanda jikar Iya Hilda ke kula da shi, shafin da a da ba abin da ake sawa sai sanarwar ɓatan kyanwa da ranar share coci. Wasu suka cika shi da zagi da tsinuwa. Wasu kuma, abin dariya abin kuka, suka bi ta bayan fage suna roƙon tsohuwa ta yi musu aikin samun biza, wani har da turo sunan mahaifiyarsa. Na zauna a shagon shayin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, wanda ke bayan kwaleji, ina jin yaranmu a teburin gefe suna kallon bidiyon suna shewa, ɗaya na cewa Dakta ya gama da Turawa. Ban iya shanye shayina ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Na biyar. Ranar da na tare ka a bakin matakala, ka ce in kwantar da hankalina, wayar da kan jama'a kake yi, tsohuwar ma ba ta jin Hausa. Sannan ka tuna min cewa kundina bai samu sa hannunka ba tukuna. Na gane abin da kake nufi sarai. Shirun da na yi a ranar na girmama furfurarka ne, ba tsoro ba. Ka riƙe sa hannunka in ka ga dama. Na fi son in koma gida hannu rabbana da in karɓi takardar da aka biya da mutuncin matar da ta yi min abin da uwa ke yi.

Yanzu ga inda ake. Jikar ta rubuto min cewa Iya Hilda ta ce bana ba za ta taɓa allunan ba, ba za ta ma fito bakin rijiya ba, domin tana tsoron wani ya zo da kyamara. Ta haura tamanin, kuma ba ta da cikakkiyar lafiya. Saura mako uku a jefa allunan a ruwa. Ba wanda ya san ko za ta ga na baɗi.

Don haka ina neman abu uku, kuma ba alfarma nake roƙo ba. Ka sauke bidiyon daga duk inda ka saka shi, kafin Juma'a. Ka fito a wannan shafin naka da ka saka bidiyon, da wannan babbar rigar, ka faɗa da Hausa cewa ka yanke maganarta kuma ka yi mata ƙage. Sannan ka rubuta mata takardar ban haƙuri da hannunka, ni zan aika. Idan Juma'a ta wuce, zan kai takardar yarjejeniyar da cikakkiyar hirar gaban kwamitin ladabtarwa na kwaleji, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Jiya na yi ƙarfin hali na kira Iya Hilda. Na shirya ta zage ni, da hakan ya fi min sauƙi. Ba ta ambace ka ba ko sau ɗaya, domin ba ta san ka ba, ni ta sani, ni ta buɗe wa ƙofa. Ta tambaye ni ko ɗiyata ta shiga makaranta. Sannan ta ce, "'Yata, na taɓa yi miki wani abu ne ban sani ba? Ki faɗa min in nemi gafara." Dakta, kai ne mai digiri uku. Ka faɗa min amsar da zan ba ta, domin ni kuka kawai na yi har ta ajiye wayar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya shirye ka, Ya kare mahaifiyarka daga hannun wanda zai yi mata abin da ka yi wa uwar wani.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Bilkisu Tanko,
Taman Melati, Kuala Lumpur.