Farantin da Baba Bai Harba Ba

Coudersport, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Dale,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin Alaska. Mu nan lafiya lau. Mama na ta fama da gwiwarta, amma hakan bai hana ta cika ɗakin ajiya da kwalaben tuffa ba.

Yaya, maganar bindigar Kaka ce, kuma ka zauna kafin ka karanta. Ka san bara Baba ya harbi barewa a cikinta, aka kwana biyu ana bin jini ba a same ta ba. Tun daga nan Kawu Vernon ya kafa doka: ranar Asabar kafin a buɗe farauta, kowa zai sa harsashi uku a farantin takarda daga taku hamsin, a kan kututturen nan na bayan rumbunmu. Wanda ya kasa, shi ne mai dafa wake a bukkar farauta. Baba ya ce wai shi Vernon da bai iya harbin ƙofar rumbu daga ciki ba, shi ne zai gwada shi. A baki ne kawai. Na ga hankalinsa ya tashi.

Ya ce ƙarfen saitin baya ne ya daina gani sosai, sai na kai bindigar wurin Merle mai gyara. Madubin hangen nesa ba zai zauna mata ba, tunda ta sama take tofar da kwanson harsashi. Saura saiti mai ɗan rami, wanda ake leƙawa ta ciki ido ya nemo tsinin gaba da kansa. Akwai mai zama a wuyan ƙota, amma Merle ya ce da Baba ya harba zai daki tabaransa. Sai na gefe, shi kuma sai an huda ƙarfen wuri biyu. Na san kai aka yi wa alkawarin bindigar, kuma shekara tamanin ba wanda ya taɓa sa mata ƙarfe. Na ce ya huda. Ka yafe mini, ban tambaye ka ba. Da na gwada ta, sama take bugawa da kusan taƙi biyu, don tsinin gaba ya yi gajere, sai da aka canza shi. Yanzu inda ka nuna nan take zuwa.

Jiya da hantsi muka fita da Baba. Kututturen ya jiƙe ya ruɓe, ƙusa ta ƙi kamawa, sai na maƙala farantin a damin ciyawa, taku goma hagu da shi. Ban faɗa masa ba, don fari ne fat, kowa zai gani. Baba ya jingina, ya leƙa, ya ce kai, wannan rami ya dawo masa da idon samartaka. Ya harba uku a natse. Ya ce in ruga in ɗauko, a nuna wa wancan tsohon banza.

Yaya, duka ukun suna tsakiyar kututturen, tafin hannu zai rufe su. Farantin ko ƙwarzane babu. Bai gan shi ba sam. Inda ya saba harbi shekara arba'in nan ya harba. Na tsaya gaban kututturen, shi yana ƙwala mini kira wai nawa ne. Sai na zaro ƙusar na huda farantin wuri uku, na kai masa. Ya shafa ramukan da yatsa yana dariya, har da ƙwalla.

Ranar Asabar Kawu zai san yadda ya yi ya kafa farantin a kututture kamar kullum, kuma Baba zai ci. Ranar Litinin zai shiga daji da bindiga, ga mutum tara a cikin itatuwa, har da mijina. Tsoro nake ji, kuma ni na jawo. Na buɗe baki sau uku in faɗa wa Baba na kasa. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka taho, ko ka kira shi kafin Juma'a. In ba ka yi ba, ni zan faɗa a gaban Kawu, kuma na san Baba ba zai ƙara kallona kamar da ba.

Ka gaishe da Noreen, da Wyatt, da 'yar auta Josie. Mama da mijina Glenn suna gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka har yanzu hannunsa bai mutu ba.

Ƙanwarka,
Lorna