Kyamara Ta Yanke Ni Daga Hoton, Aka Kori Ƙawata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Na san za a zage ni, ni ma na zagi kaina ya fi a ƙirga, amma yau shawara nake nema, don kwana huɗu kacal suka rage mini. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ina aiki a wani kemis a Gyadi-Gyadi, ba nisa da babban asibiti. Shekarata tara a wurin. Mai shagon wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kuma tun ranar da aka buɗe nake tare da ita, lokacin daga kanta ɗaya sai fanka mai ƙara. Shekara uku da suka wuce wata yarinya 'yar Kudancin Kaduna, bari in kira ta Rahila, ta zo saya wa babanta maganin hawan jini, ta tambaye ni ko ana neman ma'aikaciya. Ni na kai ta gaban Hajiya, ni na tsaya mata, ni na koya mata karanta rubutun likitoci da yadda ake jera magani. Anti take ce mini. Kwano ɗaya muke cin abinci, da azumi ita ke tsare kanta in je in sha ruwa, da Kirsimeti ta cika mini leda da cincin in kai wa yara. Wallahi na so ta, kada wani ya ce dama can ba na ƙaunarta.

To amma Allah ya yi mata farin jini. Kafin shekara ta zagayo, mutanen da na yi shekaru ina sallama sun koma tambayar, "Ina Rahila?" Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ni na fara koya masa yadda zai yi wa kansa allura, ran nan na miƙa hannu zan karɓi takardarsa sai ya janye, ya ce, "A'a 'yata, bari in jira waccan mai fara'ar." Na yi dariya, amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Ita ma Hajiya bakinta ya koma "Rahila ta ce" da "ki tambayi Rahila." Ni da na share shagon nan tun babu kowa, ni ce zan tambayi Rahila? Me take yi da ban yi ba? Murmushi ne kawai fa. Na fara ƙirga sau nawa Hajiya ta kira sunanta a wuni da sau nawa ta kira nawa. Na san ba daidai ba ne, na yi istigfari, amma abin kullum ƙaruwa yake.

Da ciwon gwiwa ya hana Hajiya zama a shago, sai ta sa wani Malam Sabo mai haɗa kyamarorin tsaro ya saka mana guda huɗu, irin waɗanda ake kallo ta waya daga gida. Bayan 'yan watanni saƙo ya fito a wayarta cewa a sabunta manhajar da ke cikin kyamarorin, ta miƙo mini ta ce in danna mata, na danna. Tun daga ranar kyamarar da ke kallon firij ta canza. A da tana nuna firij da kanta har zuwa ƙofar baya, yanzu sai ta matso da hoton ta yanke ɓangaren hagu gaba ɗaya, ƙofar baya da lungun da muke rataye jakunkuna duk suka ɓace. Malam Sabo ya zo ya yi ta fama, ya ce sabuwar manhajar ce ta kawo matsalar kuma ta ƙi komawa tsohuwar. Ya rubuta wa kamfanin a ƙasar waje, suka daɗe kafin su amsa, da suka amsa ma cewa suka yi sun daina kula da wannan samfurin, a sayi sabo. Hajiya ta ce a bar shi, tunda dai ana ganin firij. Ni kuwa na haddace daidai inda hoton ya tsaya, wajen kusurwar kanta. Nan nake raɓewa in amsa waya ko in ci gyaɗata ba tare da Hajiya ta gani ba.

Ranar da abin ya faru, da safe Hajiya ta biyo shago a kan hanyarta ta zuwa biki Zariya, ta ce mana ta kama shago a Babban Giji za ta buɗe reshe, kuma Rahila ce za ta riƙe shi. Ta dube ni ta ce, "Ke kin san nan ba zai yiwu ba sai da ke." Na ce Allah ya sanya alheri, har na rungume Rahila, amma kunnuwana wani irin ƙara suke yi. Shekara tara! Da rana aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ga alluran ciwon suga cike da firij waɗanda zafi ke lalatawa. Rahila ta kira Hajiya bai shiga ba, sai ta ce, "Anti, tunda ƙarfe huɗu za ki tashi, ki biya da su gidan Hajiya a Tarauni mana, akwai sola." Na ɗauko kula na zuba ƙanƙara na tsaya a lunguna na kullum, tana kwasowa daga firij tana miƙo mini. Na rufe, na fita ta ƙofar baya, na hau adaidaita sahu na ajiye kular a bayan kujera. Duk hanya faɗa nake yi da Hajiya a cikin raina, ina jero mata abin da na yi mata tun farko. Sai da na sauka na taka har ƙofar gidanta sannan na ga hannuna babu komai. Na koma titi da gudu, na bi masu adaidaita ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, ko fuskar direban ban riƙe ba balle lambarsa. Haka na tafi gida. Washegari Rahila ta tambaye ni ko na kai, na ce eh.

Kwana biyu bayan nan Hajiya ta dawo, dattijon nan ya zo karɓar allurarsa, aka buɗe firij wayam. Rahila ta ce ai suna gidan Hajiya, Anti ta kai. Hajiya ta buga waya gida aka ce babu wanda ya kawo komai. Suka juyo suka dube ni su biyu. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba, na dai ji bakina ya ce, "Ni? Wace kula?"

Rahila ta yi dariya, ta zaci wasa nake. "Anti, ki tuna mana. Ke kika riƙe, har kika ce ƙanƙarar ta yi kaɗan."

Na ce, "Ni dai ƙarfe huɗu na tashi, ban ga wata kula ba."

Hajiya ta buɗe wayarta ta nemo hoton ranar, muka sunkuya mu uku muna kallo. Ga Rahila nan tana buɗe firij, tana kwasar kwalaye, tana miƙa hannu hagu inda hoton ya yanke, hannun ya dawo babu komai. Sau biyar. Ba a ga kula ba, ba a ga ko gefen mayafina ba, kuma kowa ya san can ne jakarta take rataye. Rahila ta fara kuka tana rantsuwa tana cewa a kira Malam Sabo. Da ya zo ya ce yana kyautata zaton na'urar da ke ajiye hotunan ta ɗauki komai cikakke, wajen nunawa ne take yankewa, in da zai samu tsohuwar manhajar da an ga sauran. Ya sake rubuta wa kamfanin, shiru. Hajiya ta sa ya ciro ma'ajiyar hoton ta kulle a durowarta. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na bi ta gefe ina ce mata Malam Sabo surutu ne kawai, kare kansa yake yi don ya sayar mana da kaya marar kyau.

Hajiya ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ce wa Rahila, "Shekara tara ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ke kuma ga hannunki na gani. Ki tafi salin alin, ba zan tona miki asiri ba." Rahila ta ajiye makulli a kan kanta, ta ɗauki jakarta, ta tsaya a gabana idonta jajir ta ce, "Anti, me na yi miki?" Na sunkuyar da kai ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Ni aka ba reshen Babban Giji. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: na yi farin ciki. Ranar da na buɗe ƙofar da makullin a hannuna na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na ce wa kaina ai tsoro ne ya sa na yi ƙarya, tsoron a ce na yi sakaci. Amma in tsoro ne kaɗai, me ya sa zuciyata ta yi sanyi da na ga bayanta tana fita? Na san da Hajiya ta ji na manta kula a adaidaita, faɗa za ta yi mini ta haƙura. Na san haka tun a lokacin.

Daɗin bai daɗe ba. Mutane ba su daina tambayar ta ba, Hajiya ma sau da yawa za ta kira ni a waya ta ce "Rahila," sai ta gyara. Rahila ta yi watanni babu aiki, don masu kemis sun san juna kuma magana ba ta ɓuya. Daga baya wani ƙaramin asibiti a Ƙauyen Alu ya ɗauke ta. Wata rana na bi ta wurin da gangan, na hango dattijon nan zaune a benci da takardarsa yana jiran ta, tun daga Gyadi-Gyadi ya biyo ta. Kun san me na ji? Ba tausayi ba, ba nadama ba. Haushi na ji. Na ce wato duk abin da ya faru har yanzu ita ake so? Wace irin zuciya ce wannan tawa, jama'a?

Watan jiya aka kwantar da mahaifiyata a asibiti. Ina zaune bakin gado da rana sai ga Rahila da fulas ɗin kunu. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta gyara mata matashi, ta duba ruwan da ake ƙara mata, suka yi ta hira kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Inna ba ta san komai ba, tana ta shi mata albarka tana ce mini, "Wannan yarinya 'yar halak ce, ki riƙe ta da kyau." Har Inna ma! Na raka ta baranda, sai ta ce, "Ba don ki faɗi wani abu na zo ba, Anti, Inna na zo dubawa. Amma ki sani Babana har yau ba ya iya bi ta gaban shagon nan, zagaye yake yi." Ta tafi ta bar ni a tsaye. Na shiga banɗaki na yi kuka, kuma ko a cikin kukan wani ɓangare na zuciyata cewa yake ta zo ne don ta nuna ta fi ni hali.

Jiya na je tsohon shagonmu na Gyadi-Gyadi na tarar da Hajiya ta leƙo, sai ga Malam Sabo ya shigo yana washe baki. Ashe bai taɓa daina nema ba, wai abin ya tsaya masa a rai. Wani abokin sana'arsa ya tura masa tsohuwar manhajar, ya gwada a gidan wani mai irin kyamararmu, hoto ya dawo cikakke har da na baya da aka ajiye. Ranar Asabar zai zo ya buɗe namu. Hajiya ta ce in zo mu kalla tare, kuma za ta aika a kira Rahila. Ta ce, "In na zalunci 'yar mutane gara in sani tun ina da rai." Ta faɗi haka tana dafe da kafaɗata, ko kaɗan ba ta zarge ni ba, duk da ni Rahila ta ambata tun farko.

Tun jiya na kasa cin abinci. Na san inda Hajiya ke ajiye makullin durowar, kuma Shaiɗan bai bar tuna mini ba. Wani tunanin ya ce in ajiye aikin in kashe wayata kafin Asabar. Wani ya ce in je in durƙusa gaban Hajiya yau ɗin nan in faɗa da bakina, amma ta yaya za ta yarda tuba ce, ba don na ga asiri zai tonu ba? Ni kaina ban tabbata ba. In kuma Rahila zan fara zuwa wa, da wane ido zan dubi babanta? Mijina bai sani ba, yarana suna ce mata Anti Rahila har gobe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na san za ta iya cewa ta yafe, a gaban kowa, kowa ya ƙara son ta, kuma ban sani ba ko zan iya jure wannan.

Don Allah wanda ya taɓa cutar da mutumin da bai yi masa komai ba sai alheri, ya faɗa mini ta inda ake farawa. Asabar ta matso. Me zan yi?