Anas Ya Ajiye Aiki, Yaya Zai Tafi Gafasa

Gaya, Jihar Kano,
ranar Laraba.

Zuwa ga Baffana, Alhaji Abdulmumin, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Hanne da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon gwiwar nan ya zama kaffara. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Innarmu tana shan maganinta a kan kari, Ummu Salma ta sauka lafiya an sami mace, damina kuma ta yi kyau, shinkafa har ta sunkuyar da kai a fadamu.

Baffa, Anas ya ajiye aikin manajan kamfaninmu na casar shinkafa. Shekaranjiya ya miƙa wa Yaya Garzali takarda, ya ce zai tsaya zuwa ƙarshen wata ya miƙa ragama. Wani babban kamfanin abinci a Kano ne ya ɗauke shi. Zaituna, wadda ke duba ingancin shinkafa, ta faɗa min da bakinta cewa idan ya tafi ita ma ba za ta zauna ba. Ga kaka ta ƙarato, manoman da muka ba iri da taki suna shirin kawo mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, mu kuma ba mu san wanda zai karɓa ba. Na zaɓi in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo maka, domin in na ji muryarka a waya nauyinka yakan hana ni faɗin rabin abin da ke bakina.

Kai ka san Anas fiye da ni. Marigayi Baba ne ya ɗauko shi daga makarantar mahaifinsa, Malam Bubayero na Gafasa, ya fara da awo a bakin sikeli, ya tura shi karatu, ya tura shi kwas har sau uku. Bayan rasuwar Baba kai ka zauna ka yi masa intabiyu da kanka, kai ka tsara mana cewa Yaya zai shugabanci daraktoci a matsayinsa na babba, Anas kuma ya riƙe aikin yau da kullum. A takarda tsarin yana nan daram. Abin da ba mu lissafa ba shi ne zauren Baba.

Ka tuna kowace safiya ma'aikata da manoma da direbobi sukan biyo ta zaure su gai da Baba kafin su wuce kamfani, a nan yake raba aiki, a nan yake sasanta rigima. To, ba a daina zuwa ba. Yaya ne yanzu a kan dardumar, kuma ka san halinsa, ba ya iya kallon idon mutum ya ce a'a. Duk wanda Anas ya hana abu a ofis, washegari yana zaure ya durƙusa. Yaya ya saurare shi, ya ce ya je Allah ya yi albarka, shi a ganinsa addu'a ya yi. Mutumin kuwa sai ya isa kamfani ya ce Alhaji ya amince. Akwai direban da Anas ya dakatar saboda yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa a motar kamfani. Bai kwana biyu a gida ba ya dawo yana kaɗa makulli a yatsa, yana tambayar masu gadi ko manaja ya tashi lafiya. Ma'aikata har sun raɗa wa ofishin Anas suna, wai ƙaramar kotu, zaure kuma kotun ɗaukaka ƙara.

A kakar bara Zaituna ta ƙi karɓar shansherar wani dattijo daga Kademi saboda danshi. Abokin Baba ne, ya zo zaure yana share hawaye da bakin rawani, Yaya ya aika a karɓa. Aka zuba ta cikin sauran, ta yi fumfuna, babban mai sayenmu na Kano ya dawo mana da mota guda, ya ce in aka sake shi ke nan tsakaninmu. Anas ne ya je ya ba da haƙuri, bai ambaci sunan Yaya ba ko sau ɗaya. Wannan ina wurin, na ji da kunnena.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurinsa shi ne muƙamin shugaban sashen injina. Shekara uku yana rainon Muzammil, ɗaya daga cikin masu kula da injinanmu, domin wannan kujera, ya tura shi horo, ya sa aka tallata gurbin, aka yi intabiyu a gabana, Muzammil ya zo na ɗaya. Ashe a wurin wani ɗaurin aure surukin Yaya ya roƙa wa ɗansa aiki, Yaya ya ce babu komai, ai gida ne. Ranar da za a sanar da Muzammil, sai ga yaron da sabuwar hula da jaka, yana tambayar ina ne ofishinsa. Bai taɓa kunna injin casa ba. Muzammil ya koma bakin injinsa, amma na ga fuskar Anas. Daga baya Anas ya ce da ni ba albashi ne ya ɗauke shi ba, abin da kamfanin Kano ya ƙara masa bai taka kara ya karya ba. Ya ce ya gaji da yi wa mutane alkawarin da ba shi da ikon cikawa, kuma ba zai iya ci gaba da cewa yara su dage su ƙware ba alhali sun ga ƙwarewa a bakin zaure take cire takalmi.

Na yi wa Yaya magana, ba sau ɗaya ba. Dariya yake yi, ya ce 'yar jarida ta zo da kanun labarai. Ranar da na matsa, ya tambaye ni ko so nake mutum ya tako tun daga Ajingi, ya durƙusa ya gaishe shi saboda darajar mahaifinmu, shi kuma ya ce masa ya je ofis ya cike fom. Wallahi Baffa, ba mugunta ba ce, kuma ba ya taɓa dukiyar kamfani. Gani yake duk wanda ya fita zauren nan da ɓacin rai, Baba aka ci wa fuska. Ni kuma ƙanwa ce, maganata iyakarta shawara.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Jiya Yaya ya ce in kwantar da hankalina, ranar Juma'a zai je Gafasa da goro da turare ya roƙi Malam Bubayero ya umarci ɗansa ya janye takardar. Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda ya gano maganin ciwo. Na ce masa ai wannan shi ne ciwon kansa, a tsallake mutum a je wurin na sama da shi. Anas ba zai ƙetare maganar mahaifinsa ba, na sani. Zai dawo ya zauna a kujera, amma kowa daga mai gadi har mai shara zai san cewa ko tafiyarsa ma ba shi ke yanke ta ba. Wa zai ƙara jin maganarsa? In kuwa ya ƙi, mun raba ɗa da uba, mun kuma ɓata zumuncin da ya girme ni. Ko ta ina mun rasa shi, kuma iyalai da yawa a nan da wannan injin suke cin tuwo.

Don Allah, don Annabi, Baffa, ka kira Yaya yau ka hana shi tafiyar nan. Kai kaɗai ka rage wanda zai ce masa bari ya bari. Sannan ka daure ka zo, ko na kwana biyu ne, ka zauna a zauren da safe lokacin da ya cika, ka faɗa a gaban kowa cewa gaisuwa tana nan har abada, amma maganar aiki ofis ake kai ta, kuma a ba Muzammil kujerar da ya ci. Na tambayi Anas ko hakan zai sa ya sake tunani. Bai ce e ba, amma ya tambaye ni ko da gaske za ka zo. Shekara talatin kana ɗaukar wa kamfanin wasu mutane ma'aikata kana riƙe musu su. Ka zo ka riƙe mana guda ɗaya.

Ka gai da Hajiya Hanne, ina yi mata godiyar atamfa. A gai da Muhyiddeen da Muslima, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Inna da Ummu Salma suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana kai.

Taka mai biyayya,
Hussaina.

Ina ninke takardar nan mai gadi ya aiko cewa motar Yaya ta fita tun bayan karin kumallo, kuma hanyar Ajingi ta bi, wadda ta nan ake zuwa Gafasa. Na kira wayarsa, a kashe take. Ban tabbatar ko Gafasa ya nufa ba.