Wayar Sadiƙa da alkawarin Kawu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Yayana Badaru, tare da gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu Habiba da yara, kasuwa kuma tana tafiya yadda ake so a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya kare ku daga sharrin gari da na hanya. Mu nan Yammedi lafiya lau muke, alhamdu lillahi. An cire gyaɗa, ta yi kyau, sai ta gonar gangare da ruwa ya kwanta a ciki. Dawa ta fara sunkuyawa. Ɗanmu Ikrama ya yi fama da zazzaɓi amma ya warware, har ya koma makaranta. Maigidana Malam Ilu yana gaishe ka, ko da yake, kamar yadda za ka ji, gaisuwar tasa ta ɗan yi sanyi a kwanakin nan.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da na ɗauko maganar nan sai ka yi dariya, ka ce Hajo kin cika tsoro, kafin in kai ƙarshe kuma mai sayen kaya ya shigo ko layi ya katse. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Ɗantala direba ya kawo maka hannu da hannu. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Ka san tun da Inna ta faɗi a bakin rijiya muka rasa kwanciyar hankali. Abin da ban gaya maka ba, don kada in tayar maka da hankali, shi ne ta daɗe a kwance a ƙasa, rana tana dukanta, sai da mai tallar nono ta yi sallama ta ji nishinta. Ka kuma san halin mahaifiyarmu: ta rantse ba za ta bar ɗakin da Baba ya gina mata a Rogo Ruma ba. To, da ƙyar na shawo kan Malam ya yarda ’yarmu Sadiƙa ta koma wajenta, ta riƙa zuwa makarantar jeka-ka-dawo ta can, tana kuma lura da shan maganin hawan jininta. Shekararta goma sha huɗu, tana da hankali, ita ce kuma Inna take jin maganarta. Muka tsayar cewa za a saya mata ƙaramar waya mai madannai, mai tocila, wadda caji ke daɗewa a cikinta, don in wani abu ya faru ta kira mu nan take. Yarinya ta yi ta murna, har ta ɗinka wa wayar ’yar jaka da ƙyallen atamfa tun ba a sayo ta ba.

Sai ga kiranka ranar Juma’a. Na miƙa mata wayata don ta gaishe da kawunta, ina tsakar gida ina tankaɗe. Ban san me kuka tattauna ba sai da na ji ta ƙwalla ihu tana tsalle, wai Kawu ya ce ’yarsa ba za ta riƙe wayar tsofaffi ba, babba zai aiko mata, mai shafawa, mai kyamara gaba da baya, irin ta Ummu Habiba. Yaya, na san da zuciya ɗaya ka faɗa, na san yadda kake ji da yarinyar nan tun tana goye. Amma ni ba ka tambaye ni ba, uban yarinya ma ba ka tambaye shi ba. Ka yi maganarka ka ajiye waya ka koma cinikinka, mu kuma ka bar mu da wutar da ka kunna.

Da Malam ya dawo daga gona ya ji labari a bakin ƙannenta, ransa ya ɓaci irin ɓacin da ban saba gani ba. Ya ce shi ba a mayar da shi hoto a gidansa. Ya ce layin da sunansa za a yi rajista, duk abin da aka aikata da shi kansa zai dawo. Ya tuna mini da abin da ya sami ’yar maƙwabtanmu bara, wadda wani yaro ya kwashi hotonta ya haɗa da maganar banza ya watsa, har yau ba ta iya zuwa ɗiban ruwa ita kaɗai. Daga nan ya yanke hukunci: babu babba, babu ƙarama, zuwa Rogo Ruma ma an fasa. Ka ga inda alherinka ya kai mu. Inna tana can ita ɗaya da jiri, ni ina nan tsakanin miji mai fushi da ’ya mai kumbura fuska, kai kuma kana yi mini dariya a waya.

Kada ka ɗauka ban san amfanin babbar waya ba. Na ga yadda Suhaibu ɗan Goggo yake karatun jarrabawa da tasa. Amma ka tuna garin da ka fito. Yaushe rabon unguwar Inna da wuta? Babbar waya kullum sai an kai ta shagon mai caji, can bakin tasha inda samari ke zama tun safe. Wa zai riƙa kaiwa? Sadiƙa. Ranar da jiri zai kayar da Inna, wayar tana shago a jone, ko kuma an cinye cajin da kallon bidiyo. Sannan wa zai sa mata ido? Inna da ko lambarka ba ta iya nemowa sai an nemo mata? Ni da nake tare da yarinyar ma ban san rabin abin da ke cikin waɗannan wayoyin ba. Na gwada yi maka wannan bayani, ka ce zamani ya canza. Zamani ya canza a Fatakwal, amma tukunna bai kawo wa Inna wuta ba.

Sai da na haɗa da yayan Malam, Alhaji Uba, ya zo ya zauna da shi a zaure, sannan Malam ya sauko ya ce a sayi ƙaramar, amma ranar da wata waya ta shigo hannun Sadiƙa ba da saninsa ba, ranar za ta dawo gida. Ranar kasuwa na ɗauke ta muka je Ƙaraye, shagon wani Zaharaddini. Kunyar da na sha a wurin Allah kaɗai ya sani. Yana fito da ƙananan tana kawar da kai, idonta yana kan na cikin gilashi. Shi ma da ya lura sai ya shiga yabon manyan, wai yanzu duk ’yan makaranta su suke riƙewa, har na ce masa ni na zo saye, ba ita ba. Na zaɓi wata baƙa mai ƙwari, na ce ta riƙe ta ji. Ta ce a gaban mutane ita ba ta so, ta Kawu za ta jira. Yarinyar da ba ta taɓa mayar mini da magana ba! Na biya, na jefa wayar a jakata, muka hau mota muka koma gida.

Yanzu dai tana Rogo Ruma, na kai ta da kaina. Inna ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ɗaki ya yi albarka. Maganin ma ana sha a kan lokaci, wannan kam ba zan rage mata ba. Amma in na kira ta, daga lafiya lau sai to, sai ta miƙa wa Inna. Inna ce ta gaya mini cewa kiran farko da ta yi da wayar ba ni ta kira ba, ba babanta ba, kai ta kira, tana tambayar yaushe saƙo zai iso, kai kuma ka ce ta ƙara haƙuri yana hanya. Da na ji haka na shiga ɗaki na yi kuka, don na san in saƙon nan ya iso, Malam ba zai janye maganarsa ba, wadda za ta kwana a ciki kuma ita ce tsohuwar da ta haife mu.

Saboda haka ga roƙona, Yaya. Kada ka ba Ɗantala ko wani waya ya kawo. In ka riga ka saya, ka adana ta har ta gama sakandare, ka kawo da hannunka ka damƙa wa babanta, ni zan fara yi maka godiya. Sannan ka kira Malam ka ba shi haƙuri, ba zai rage ka da komai ba. Abu mafi muhimmanci kuma, ka kira Sadiƙa da bakinka ka gaya mata cewa ka yi gaggawa, iyayenta ne suka yi daidai. Daga bakina ba za ta karɓa ba, don a idonta yanzu ni ce na tare mata alheri. Kai ka ɗaura wannan magana, kai kaɗai za ka iya kwance ta.

Ka gaishe mini da Ummu Habiba da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Lukumanu da Munawwara. Goggo da Alhaji Uba suna gaisuwa, Inna kuma ta ce in tambaye ka ko sai ta mutu za ka zo gida. Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Ina sauraron kiranka, amma ka fara kiran yarinyar.

Ƙanwarka,
Hajo