Ƙorafi kan Dafin Kunama da Katina da Aka Riƙe

Zaharaddini Hamma
Gidan Malam Attaher, Dakoro
21 ga Yuli 2025

Zuwa ga Mai Girma Perefen Dakoro

Game da: riƙe mini kartidantite, wato katin shaida, da wakilin wani furoje ya yi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana.

1. Ran Laraba 9 ga Afrilu, cikin zafin da ke korar awaki ƙarƙashin amalanke, Malam Yazidu, wakilin wani furojen bincike, ya ɗauke ni aikin kamo kunamu a dajin Azagor da tatsar dafinsu. Ya karɓi katina, wai zai rubuta sunana ya maido.

2. Ya ba ni kwalbar wani ruwa mai warin barasa, in riƙa zuba dafin ciki. Ya ce cikin dafin akwai wasu 'yan zare ƙanana da ido ba ya gani. A cikin wannan ruwan sukan murɗe kamar igiyar kaba, a ruwan pampo kuwa sai su saki jiki su warware, kuma murɗewar ce masu bincike ke son aunawa. Aji huɗu na yi a lakwal, amma wannan na gane shi.

3. Ran 2 ga Mayu kawuna Malam Attaher, wanda nake zaune gidansa, ya ji warin kwalbar. Ya ce ba ta kwana inda ake salla, ya tuttular da ita bayan danga. Nan take na buga wa Malam Yazidu waya. Shi da bakinsa ya ce in ci gaba da ruwan pampo kafin ya kawo wata. Bai kawo ba.

4. Ran 16 ga Yuni masu binciken suka ce zaren ya warware, zafi ya ƙarasa lalata shi. Malam Yazidu ya ce ni na ɓata aikin, ba zai ba ni katina ba sai na sake tara dafin, alhali har yau babu ruwan da zan zuba shi ciki.

5. Ranka ya daɗe, in ba kati, ba na iya wuce shingen jandarma. Abokaina sun tafi aiki Agadas, ni na raka su tasha na komo. Kawu ya ce in fitar da kunamun daga gidansa, wakili ya ce in na saki ko ɗaya in manta da kati. Kullum ina tsakanin ɗakina da bakin tasha.

Ina roƙon Mai Girma da ya sa a kira Malam Yazidu ya maido mini katina. Ban nemi a hukunta kowa ba.

Abin da na rasa: kwalaben dafi goma sha ɗaya, kunamu talatin da suka mutu a gwangwani, gurbin aikin Agadas, da babban yatsan hannuna na dama da har yanzu ba ya lanƙwasuwa saboda harbin kunama.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Zaharaddini Hamma