Takardar Haihuwar Ummu Salama

Zongo, Kwatano

Yaya Abdulƙahar,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na dame ka da takarda, alhali unguwarku Houéyiho ba nisa. Ka san ban iya ɗaga murya a gabanka, shi ya sa na rubuta. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, su Larai da yara kuma suna lafiya.

Maganar ɗiyata Ummu Salama ce. Ka ce ba za ka ba da takardar haihuwarta ba, wadda ke akwatinka tun rasuwar babanta, wai 'yan gidanmu ba su yawon ƙasashe, kuma karatun nata ƙidayar Turawan da suka mutu ne.

Na sa ta ta yi mini bayanin bincikenta na jami'ar Kalabi har sau uku, don kada in yi shaidar abin da ban sani ba. Ashe Turawa sama da miliyan hamsin suka hau jiragen ruwa suka bar ƙasashensu, yunwa da rashin gona sun koro su. Ita tana lissafa yadda Turai za ta cika da sun zauna sun hayayyafa. Saboda wannan aikin ne aka ba ta gurbin karatu a Beljik.

Ni lissafin gado kaɗai na koya wurin Malam, sai na gwada da namu. Kakanmu ya baro Katsina da jakuna biyu, fataucin goro. Na bi zuriyarsa gida-gida, na samu mutum ɗari da tamanin da bakwai, ban da jaririn Shafa'atu da ba a raɗa wa suna ba. Da kakan namu ya zauna, duk muna can kan gona guda da ba ta ishi 'yan'uwansa ba. Yaya, mu ne ba mu yawo?

Ranar Litinin za ta kai takardunta ambasad, ofishin jakadancin Beljik. In ba ka aiko ba, zan je meri, ofishin magajin gari, in bi layi a fitar da wata. Za su tambaye ni ina ta farko. Ba zan ce ta ɓata ba, don ƙarya ce. Zan ce tana hannun wana, in faɗi sunanka.

Ban so a kai ga haka. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Ƙanwarka,
Adawiyya