Hular da Ta Amsa Sunan Abokina

Zuwa ga Malam Nasidi mai ba da shawara,

Ka agaza mini, don wani ibtila'i ya afka wa hazaƙata, har burabusko ya daina wucewa a maƙogwarona.

Ni ma'abocin digiri ne a fannin lissafi, bara na dawo Maiduguri na kama aiki a gwamnatin sabuwar jiharmu. A jami'a na laƙanci injin nan da ake kira kwamfuta, wanda ake ba wa umarni da katuna masu huji. Sauran ɗalibai tarawa da ɗebewa kaɗai suke sa shi. Ni kuwa, saboda zurfin basira, na tsara masa ƙa'idoji a tulin katuna, ta yadda duk wanda ya ba shi lamba zai buga masa zane a takarda. Kowace lamba da zanenta, kuma lambobi ba su da iyaka.

Abokina Dzarma, mutumin Biu, wanda muka zauna ɗaki ɗaya, tarihi ya karanta, bai san kan injin ba balle gindinsa. Wata rana a jami'a ya raka ni wurin injin, na ce ya faɗi lamba, sai ya faɗi lambar motar da ke kai shi garinsu. Abin da ya fito ya ninke ya jefa aljihu. Da muka dawo ya kai wa Ba'ana mai ɗinkin hula a Limanti. Masu hular nan kuwa, wanda ya kawo musu zane, sunansa suke laƙaba wa hular. Yau daga Ajilari har Kasuwar Kifi ba ka jin komai sai hular "Dzarma". Shugabana a ofis ita yake sawa, har yana yi mini nasiha in yi koyi da fasahar abokina!

Abin da ya fi ƙona ni, Dzarma ba ya ɓoyewa. Yana gaya wa mutane aikina ne, su ce tawali'u ne, su ƙara ƙaunarsa.

Yanzu zai je jami'ar wata mai zuwa, ya roƙi aron katunan ya bugo wa Ba'ana sababbi. Katunan nan a jere suke aiki. In na sauya wa biyu wuri, injin ba zai haifar da komai ba sai shirme, kuma ba mahalukin da zai gane. Shin wannan ba adalci ba ne?

Naka,
Haziƙin da Aka Zalunta, Limanti

AMSA

Ɗana Haziƙi,

Ba adalci ba ne, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto.

Ciwonka gaskiya ne. Wanda ya haƙa rijiya yana da haƙƙin a ambace shi, ko da wani ne ya fara jefa guga. Amma duba ɗaya gefen. Kai ka gina abin don kowa ya faɗi lamba, Dzarma ya faɗa. Takardu nawa injin ya buga maka? Ina suke? Ina zaton suna ƙasan akwati. Shi ya dubi tasa ya hango hula, Ba'ana kuma ya zuba idonsa da allurarsa. Ku uku kuka yi ta.

Idan ka hargitsa katunan, Dzarma zai sha kunya rana ɗaya, sa'an nan ya gaya wa mutane injinka ya lalace, kuma wannan karon za su yarda da shi. Ka rasa aboki, ka rasa aikin.

Ka ba shi katunan a jere, ka kuma gaya masa abin da ke cinka, ba tare da manyan kalmomi ba. Ka kwashi takardunka ka je wurin Ba'ana da ƙafarka, ka tsuguna ka gaishe shi, ku zaɓa tare. Kai ka ce lambobi ba su da iyaka. Abokinka lamba ɗaya tak ya ɗauka.

Hular kuma ka saya ka sa, ai taka ce. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya dawo maka da ɗanɗanon burabusko.

Malam Nasidi